Ina masu ƙera jirage da biranen fim suka shiga bayan zuwan kwamfuta?

Wani matashi mai aikin tace fim ya aiko mini da tambaya, bayan ya kalli wani tsohon bidiyon bayan fage inda wasu mutane suka zagaye wani kumbo da bai kai tsawon tabarma ba suna shafa masa fenti. Yana son ya san su wane ne waɗannan mutane, ta ina suka shigo sana'ar, kuma ina suka shiga da kwamfuta ta karɓe aikin. Ya kuma tambaya ko akwai amfanin mutum ya ɓata lokacinsa yana koyon ƙira da hannu a wannan zamani.

Ƙanena, amsar a taƙaice ita ce kwamfuta ba ta kore su gaba ɗaya ba. Da yawansu ma su ne suka koya wa masu kwamfutar aiki. Abin da ya rufe shagunansu ya fi alaƙa da yadda ake biyan kuɗin aikin, kuma wannan matsalar ta ci masu kwamfutar su ma daga baya. Amma bari mu bi abin daga tushe.

Kakan sana'ar a Amurka shi ne Willis O'Brien, wanda ya motsa gwaggon birin nan na King Kong a 1933. Birin da ya firgita 'yan kallo tsawonsa wajen inci 18 ne. Wani ɗan asalin Meziko mai suna Marcel Delgado ne ya ƙera shi, da ƙashin ƙarfe mai gaɓoɓi a ciki, aka lulluɓe da roba da fatar zomo. Yadda ake aikin shi ne ka ɗan motsa hannun abin kaɗan, ka ɗauki hoto ɗaya, ka sake motsawa, ka sake ɗauka. Hoto 24 ne ke ba ka daƙiƙa ɗaya ta fim. In ka kalli fim ɗin da kyau za ka ga gashin birin yana ta motsi kamar iska na kaɗa shi. Ba iska ba ce, sawun yatsun masu aikin ne duk lokacin da suka taɓa shi. O'Brien ya samu lambar Oscar kan aikin Mighty Joe Young na 1949, amma ƙarshen rayuwarsa cikin neman aiki ya yi shi, yana yawo da zane-zanen finafinan da ba a taɓa yi ba, har ya rasu a 1962. Wato tun kafin a san kwamfuta a fim, sana'ar ba ta da tabbas.

Almajirinsa Ray Harryhausen yana ɗan shekara 13 ya kalli King Kong, ya koma gida ya mai da garejin iyayensa wurin aiki. Mahaifinsa ne ke ƙera masa ƙasusuwan ƙarfen, mahaifiyarsa na ɗinka wa 'yan tsanar kaya. Wannan mutum kusan shi kaɗai yake aikinsa. A fim ɗin Jason and the Argonauts na 1963 akwai wurin da kwarangwal bakwai ke faɗa da mutum uku. Kowane kwarangwal yana da kai, hannu biyu da ƙafa biyu, ke nan gaɓa 35 zai motsa kafin ya ɗauki hoto ɗaya tak, kuma dole takobin kowanne ya haɗu da na ɗan wasan da aka riga aka ɗauka. Akwai ranakun da hoto 13 kawai yake samu, wajen rabin daƙiƙa ke nan. Faɗan ya ci masa wata huɗu da rabi. Ka yi tunanin a kira shi a waya ana tsakiyar aiki, ya dawo ya manta ko hannun kwarangwal na uku sama yake tafiya ko ƙasa. Babu madannin komawa baya, sai dai a sake daga farko. Ya ajiye aiki bayan Clash of the Titans a 1981, aka ba shi lambar girmamawa ta Oscar a 1992, ya rasu a Landan a 2013.

A Japan hanyar daban ce. Eiji Tsuburaya ya ga ba shi da lokacin motsa 'yar tsana hoto ɗaya-ɗaya, sai ya sa mutum cikin rigar dodo mai nauyin kusan kilo 100, aka gina masa ƙaramin birnin Tokyo ya tattake. Godzilla ke nan, 1954. A Indiya ma akwai Babubhai Mistry, wanda ake yi wa laƙabi da baƙin zare saboda zaren da yake rataye abubuwa da shi su yi kamar suna tashi. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya na aljanu da masu sihiri ya ga irin aikinsa ko na yaransa.

Dattawan da ka gani a bidiyon nan kuwa, ina kyautata zaton 'yan zamanin 1975 ne zuwa sama. A shekarar George Lucas ya buɗe kamfanin Industrial Light & Magic a wani sito da ke Van Nuys, Kalifoniya, don aikin Star Wars, saboda manyan kamfanonin fim sun riga sun rufe sassansu na siddabaru, wato masu haɗa dabarun hoto. John Dykstra, wanda ya yi aiki ƙarƙashin gwanin siddabarun fim Douglas Trumbull, shi ya tattaro mutanen. Akasarinsu ba 'yan fim ba ne. Akwai masu zanen kayan masana'antu, masu aikin injin ƙarfe, masu haɗa lantarki, da samarin da tun suna yara suke harhaɗa motocin roba na kwali. In kana son ka fahimce su, ka tuna yaron unguwarku da ya fi kowa iya motar kara ko ta gwangwani, wanda har ƙofa mai buɗewa da fitila yake sa mata. Irinsa ne, sai dai su sun samu wanda ya biya su.

Lorne Peterson, Steve Gawley, Grant McCune da Paul Huston na cikin masu ƙirar. Dabararsu ita ce su sayo kwalayen tankokin yaƙi da jirage da motocin wasa, su ɓalle ƙananan sassan, su manna a jikin kumbon. Idon ɗan kallo in ya ga tarkacen bututu da ƙusoshi da yawa haka, sai ya ɗauka abin ƙato ne. Peterson ne ya kawo musu sufa gulu, kafin nan sai mutum ya riƙe abu yana jiran gam ya bushe. Ƙaton jirgin nan da ke rufe allo a farkon fim ɗin tsawonsa kamar ƙafa uku ne, kuma jirgin da yake kora, wanda ake gani ɗan mitsitsi, babban samfurinsa ya fi shi girma a zahiri. Kumbon ba ya motsi. Kyamara ce ke tafiya a kan dogo, na'ura na riƙe da lissafin tafiyarta yadda za ta maimaita daidai sau nawa ake so: zagaye ɗaya don jikin jirgin, ɗaya don fitilunsa, ɗaya don inuwar da za a yanke shi da ita, sannan a haɗa su duka a injin buga fim. Gina wannan tsarin ya cinye musu kusan shekara, har Lucas ya dawo daga ɗaukar fim a Ingila ya tarar hotunan da suka kammala ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Fim ɗin ya fito a 1977, sana'ar ta samu kasuwar da ba ta taɓa samu ba.

Mutane ne masu barkwanci kuma. Greg Jein, wanda ya jagoranci ƙera babban kumbon Close Encounters of the Third Kind, shi da yaransa sun ɓoye ƙananan abubuwa a jikinsa, har da akwatin wasiƙa, maƙabarta da 'yar motar bas. Kumbon yana nan a gidan tarihin jirage na Smithsonian kusa da Washington, masu ziyara na leƙe suna nemansu.

A nan zan ɗan tsaya kan ainihin ilimin da ke kan waɗannan mutane, don shi ne zai amsa maka tambayarka ta ƙarshe. Manna roba kowa zai iya koya. Abin da ke da wuya shi ne sanin abin da ke sa ido ya yarda ƙaramin abu babba ne. Na farko shi ne sauri. Ƙaramin gini in ya rushe, nan take yake zubewa, babba kuwa yana ɗaukar lokaci. Don haka ake ɗaukar samfurin da kyamara mai gudu, a haska shi a hankali. Lissafin kuwa sananne ne: in samfurin kashi ɗaya cikin 16 ne na ainihin abin, ka nemo lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 16, wato 4, ka ninka da 24. Hoto 96 ke nan a daƙiƙa. Na biyu, dole komai ya fito tar daga gaba har baya, domin da zarar bayan hoton ya yi dishi-dishi, ƙwaƙwalwa ta gane abin wasan yara ne. Shi ya sa ake tsuke idon kyamara a zuba haske kamar me. Na uku shi ne datti. Sabon fenti shi ke tona asirin samfuri.

Na huɗu kuma, ruwa da wuta ba sa yarda a ƙanƙanta su. Wannan na koye shi da hannuna. Shekarun baya mun gina wata 'yar bukka don wani gajeren fim, tsayinta bai kai gwiwa ba. Mun yi kwana tara a kanta, jinka da ciyawa siririya, katanga da jar ƙasa, har da ɗan tulu a bakin ƙofa. Duk wanda ya leƙa ta cikin kyamara sai ya ce bukka ce sosai. Da muka kunna mata wuta, harshen wuta ɗaya ya fi rufin gaba ɗaya tsawo, kuma kafin mai kyamara ya gama cewa bismillah ta zama toka. Da muka kalla, sai ka ce an cinna wa kwandon kaji ashana. Ɗigon ruwa ma haka yake, girmansa ɗaya ko a teku ko a kwano. Shi ya sa Derek Meddings na Ingila, wanda ya yi suna da shirin yara na Thunderbirds ya ƙare a finafinan James Bond, ya ƙera tankar mai ta The Spy Who Loved Me da tsawon fiye da ƙafa 60 ya kai ta teku ta gaske. Jirgin Titanic na 1997 ma samfurinsa kashi ɗaya cikin 20 ne, wajen ƙafa 45. Inda kuma ba a iya yin babba, sai a yi wayo: a The Phantom Menace na 1999 gishiri aka zubo ya zama ruwan da ke gangarowa daga dutse, dubban 'yan kallon filin tsere kuma tsinken goge kunne ne aka yi wa fenti kala-kala, ana hura musu iska daga ƙasa suna motsi.

Ka lura da shekarar nan, 1999. Shekara shida ke nan bayan ranar da ake cewa sana'ar ta mutu.

Ranar kuwa ita ce lokacin Jurassic Park na 1993, fim ɗin manyan dabbobin nan da suka ƙare a duniya, wato dinosaur. An riga an ba Phil Tippett aikin motsa dabbobin da hannu. Shi ma tun yana ɗan shekara bakwai wani fim na Harryhausen ya ja shi cikin harkar, kuma shi ya motsa tankokin nan masu ƙafafu a The Empire Strikes Back. Sai wasu samari biyu a sashen kwamfuta, Steve Williams da Mark Dippé, suka haɗa kwarangwal ɗin dabbar a kwamfuta suka sa shi tafiya, ba tare da an sa su ba. Da daraktan fim ɗin, Steven Spielberg, ya ga gwajin, magana ta ƙare. Tippett ya ce shi kam yana jin irinsa sun ƙare a duniya kamar dabbobin, Spielberg ya ɗauki maganar ya sa a bakin wani ɗan wasa. Tippett har ciwo ya kwanta. To amma me ya biyo baya? Masu kwamfutar sun iya sa fata da haske, sai dai ba su san yadda dabba mai nauyin tan da yawa ke sauke ƙafa ba, ko yadda take ɗan dakatawa kafin ta kai cafka. Sai aka ƙera ƙashin ƙarfe irin wanda mutanen Tippett suka saba da shi, aka sa masa na'urori a gaɓoɓi, suna motsawa da hannu kwamfuta na karɓa. Da tsohuwar zuma ake magani. Tippett ya samu Oscar a fim ɗin tare da Dennis Muren da Stan Winston da Michael Lantieri. Kuma dabbobin kwamfuta a fim ɗin duka kimanin minti shida ne. Saura na Winston ne, manyan dodanni masu inji, ciki har da wanda fatarsa ta soso ke shan ruwan sama ta yi nauyi har ya riƙa karkarwa, ma'aikata na bin sa da tawul suna tsanewa.

Daga nan hanyoyi suka rabu. Muren, wanda tun Star Wars yake riƙe kyamara, ya ɗauki hutu bayan The Abyss ya zauna ya koyi kwamfuta da kansa, ya dawo ya jagoranci Terminator 2. Oscar takwas gare shi. Paul Huston ya koma zanen shimfiɗar wurare a kwamfuta. Jean Bolte, wadda ta fito daga shagon ƙira, ta zama jagora wajen yi wa halittun kwamfuta fenti, domin wadda ta san yadda tsatsa ke bin ƙusa a zahiri ita ta fi sanin inda za ta sa ta a allo. Tippett ya mai da kamfaninsa na kwamfuta ya yi ƙwarin Starship Troopers, amma zuciyarsa na wurin 'yan tsana, har ya kammala Mad God a 2021, fim ɗin da ya fara kusan shekara 30 kafin nan. Adam Savage da Grant Imahara suka koma talabijin da shirin MythBusters. Wasu sun tafi ƙera kayan gidajen tarihi, wuraren wasan yara, kayan koyar da likitoci da sojoji. Wasu kuma, gaskiya, sun bar sana'ar da baƙin ciki. Rick Baker, mai Oscar bakwai a kwalliyar dodanni, ya rufe shagonsa a 2015 ya yi gwanjon kayansa, yana kukan cewa yanzu arha da sauri ake nema.

Ni a ganina, abin da ya kayar da samfuri a idon masu kuɗi ba kyau ba ne. Samfuri yana tilasta wa darakta ya yanke shawara da wuri. In ka fasa gini ka fasa, ba a cewa a dawo a juya shi hagu. Kwamfuta kuwa tana ba shi damar canza ra'ayi har saura mako biyu a saki fim. Shagon ƙira na Industrial Light & Magic an raba shi da uwar kamfanin a 2006 ya zama Kerner Optical, ya karye a 2011. Fadar Hogwarts ta finafinan Harry Potter, samfuri ce mai kashi ɗaya cikin 24 da aka yi ta amfani da ita shekara da shekaru, daga baya aka kwafe ta cikin kwamfuta, ita kuma aka ajiye ta 'yan yawon buɗe ido na kallo a Leavesden, kusa da Landan.

Sai dai wannan damar canza ra'ayin ita ce ta zama wuƙar da ta yanka masu kwamfutar. Kamfanin siddabaru yakan karɓi kwangila a kan farashi yankakke, sannan a yi ta dawo masa da gyara, ribar kuma ba ta taka kara ta karya ba. Ga gwamnatoci suna ba da rangwamen haraji, aiki ya tashi daga Los Angeles ya koma Landan, Vancouver, Montreal, ma'aikaci na bin sa da jaka kamar ɗan ci-rani. Kamfanin Dykstra ya rufe a 1992, na Richard Edlund, abokin aikinsa a Star Wars, a 1997. Wanda ya fi ciwo shi ne Rhythm & Hues, da suka yi damisar Life of Pi. Sun shigar da takardar karyewa a Fabrairun 2013, ƙasa da mako biyu kafin a ba su Oscar kan wannan aikin, fim ɗin kuwa ya tara sama da dala miliyan 600. Da jagoransu Bill Westenhofer ya fara ambaton halin da kamfanin ke ciki a kan dandamali, aka taso masa da kiɗa aka kashe makirufo, ɗaruruwan ma'aikata na zanga-zanga a waje. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai a 2023 ma'aikatan siddabaru na Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago, abin da masu fitila da masu kyamara suka samu tun zamanin kakanninsu. A farkon 2025 kuma babban kamfanin siddabaru na Technicolor ya durƙushe da manyan rassansa.

Ƙira da hannu kuwa ba ta ɓace ba, ta dai zama abin da ake zaɓa. Richard Taylor da mutanensa a New Zealand sun gina biranen The Lord of the Rings, wasu samfuran sun fi ɗaki tsayi. Ian Hunter ya ci Oscar biyu, na Interstellar da na First Man, da kumbunan da aka ƙera da hannu. A 2019, da ake shirin The Mandalorian, John Goodson ya ƙera kumbon jarumin, John Knoll kuma, wanda shi da ɗan'uwansa suka ƙirƙiro Photoshop, ya haɗa dogon kyamarar a garejin gidansa. Masu kwamfuta suka riƙa kallon hotunan suna daidaita nasu da su.

Game da kai, ba zan ce ka ajiye kwamfuta ka kama zarto ba, don abincinka a kwamfutar yake. Yaran nan na Kaduna, The Critics, da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle suka ja hankalin duniya a 2019. Amma yawancin aikin siddabarun da nake gani a finafinanmu, matsalarsa ba ta manhaja ba ce. Wuta ce da ba ta haska fuskar wanda ke kusa da ita, aljani ne da ba shi da inuwa, mota ce ta faɗa rami kamar kwalin ashana. Wanda ya taɓa haska abu na gaske da fitila ta gaske ba ya yin wannan kuskuren.

Ka samu kwali, katako da ƙasa, ka gina katangar gida da zaure, kashi ɗaya cikin 10. Ka tsufar da ita da ruwan shayi da toka, ka ja layin da ruwan indararo ke bari a jikin bango. Ka fitar da ita rana da hantsi, ka kwantar da wayarka a ƙasa daidai inda idon ɗan mutum mai tsayin santimita 17 zai kasance, sararin sama na gaske a bayanta. Lissafin ya ba ka hoto 76 a daƙiƙa, to ka sa wayar a 60 ko 120, duk wanda take da shi, ka ture katangar. Sannan ka gina irinta a kwamfuta, ka jera su biyun, ka nuna wa wanda bai san komai a fim ba, ka tambaye shi wacce ce ta gaske. In ka yi, ka turo mini duka biyun in gani.